Saƙo Biyu a Kan Irin Lilin

Wata Lahadi bayan an tashi daga sujada, wata dattijuwa daga zumuntar mata ta tsai da ni a gindin bedin da ke ƙofar majami'a, ta miƙo mini wayarta, ta ce, "Malam, kai da ka yi karatu, duba mini waɗannan biyu, ka gaya mini wanne ne mai gaskiya."

Saƙo na fari bidiyo ne da ɗiyarta ta aiko mata ta WhatsApp. Wani mutum ne sanye da farar riga irin ta likitoci, yana magana da Faransanci, wani kuma ya ɗora muryar Hausa a kai. Yana riƙe da cokali cike da wani ɗan iri ja-ja mai sheƙi, kamar riɗi amma ya ɗan fi shi girma. Ya ce cokali guda kowace safiya yana sauke hawan jini, yana narkar da kitsen jini, yana kashe ciwon daji, yana kwantar da zafin jikin da ke damun mata in sun manyanta, yana rage teɓa, har gashi ma yana sa shi tsawo. Kowanne ya faɗa sai ya bi shi da cewa bincike ya tabbatar. Saƙo na biyu rubutu ne, ya zo bayan kwana biyar daga wata ƙawarta. Shi kuwa cewa ya yi Turawa sun gano dafi a cikin irin nan, cokalin shayi uku ya isa ya kwantar da babban mutum, saboda haka duk wanda ya saya ya zubar.

Ta riga ta sayi leda guda, jaka uku. Abin da ya tayar mini da hankali shi ne, da na bi ta da tambaya, sai ta ce mako uku ke nan ba ta haɗiyi ƙwayar hawan jininta ba, gama mai bidiyon ya ce wanda ya riƙe irin nan ba ya bukatar maganin asibiti. Ga shi yanzu saƙo na biyu ya sa ta bar irin ma. Na ce, "Inna, ki ba ni kwana uku in bincika. Amma ƙwayar nan ki koma mata yau yau." Ta ce to.

Abin da na tarar shi ne zan shimfiɗa a nan, domin na san ba wayarta kaɗai saƙonnin nan suka shiga ba. Bari in faɗi tun da fari inda na tsaya. Saƙonnin nan biyu kowanne ya taɓa gaskiya, dalilin da ya sa ke nan na ga sun cancanci a tsaya a kansu. Ƙaryar da ta fito tsirara ba ta da wuyar ganewa, amma in an yafa mata zanen bincike sai mutum ya ba ta masauki.

Irin lilin baƙo ne a wurinmu, amma a duniya tsohon abu ne. Shukar da ake samunsa a jikinta ita ce wadda ake sarrafa bawon karanta a saƙa yadin lilin, wanda mai karanta Littafi Mai Tsarki ya saba jin sunansa. Masarawa sun noma ta tun zamanin Fir'auna, da lilin suke naɗe gawar manyansu, tana kuma cikin amfanin gonar da ƙanƙara ta lalatar a kwanakin Musa. A ƙarƙashin karanta ne Rahab ta ɓoye 'yan leƙen asiri a bisa soronta a Yariko. Na kawo wannan domin na taɓa jin wani mai talla yana cewa tun da yake shukar tana cikin Littafi Mai Tsarki, ai magani ce daga sama. Wanda ya bi wuraren da aka ambace ta zai ga zancen zare ne, da tufafi, da lagwanin fitila. Ba inda aka ce a ci ta don ciwo. Kada kuma a rikita ta da ramarmu, ko da yake dukansu ana samun zare a jikinsu, danginsu daban. Yau manyan masu noma ta don iri su ne Kazakistan da Rasha da Kanada da Sin. A Afirka kuwa Habasha ce, inda suke ce wa irin telba, su soya shi, su niƙa, su dama su sha, musamman a kwanakin azumi. A wurin Bahabashe abincin gida ne, kamar yadda riɗi yake a wurinmu.

Abin da ke cikin irin sananne ne, ba gardama a kansa. Wajen kashi 40 cikin 100 mai ne, fiye da rabin man nan kuwa wani iri ne daga dangin omega-3 da ake kira ALA. Wajen kashi ɗaya cikin huɗu dusa ce wadda ciki ba ya narkarwa, ita ce ke sa shi yauƙi kamar kuɓewa in an jiƙa shi, ita ce kuma ke sauƙaƙa fitar bayan gida. Sa'an nan akwai wani sinadari mai suna liginan, wanda ƙananan halittun da ke cikin hanji suke juya shi ya zama wani abu mai ɗan kama da isturojin, sinadarin jikin mace. Daga nan ne gardama take farawa: me waɗannan abubuwa suke yi a jikin mutum mai rai, nawa za a ci, har kwana nawa?

Bari mu fara da labarin da ya fi koya mini yadda ake sauraron kalmar nan "bincike ya tabbatar". Mata da yawa, sa'ad da al'ada take ɗauke musu, sukan ji zafi ya taso musu daga ƙirji zuwa fuska ba zato, zufa ta karyo, wani lokaci har ya hana barci. Tun da yake liginan yana kama da isturojin, sai likitocin asibitin Mayo a Amurka, a ƙarƙashin Dokta Sandhya Pruthi, suka yi tunani ko irin lilin zai taimaka. Suka sami mata wajen 30, suka riƙa ba kowacce giram 40 na niƙaƙƙen iri kowace rana har mako 6. A 2007 suka buga abin da suka gani: yawan tasowar zafin ya ragu da rabi. Jaridu suka ɗauka, masu sayar da iri suka yi murna, har yau wannan adadi yana yawo a wayoyi.

Amma likitocin da kansu sun san gwajin bai cika ba, gama kowace mace a cikinsa ta san abin da take ci, ba kuwa wata ƙungiya ta biyu da za a kwatanta su da ita. Sai suka sake, wannan karo da mata 188. Aka raba su biyu ta hanyar ƙuri'a. Rabi ana ba su wani ɗan curi kamar kantu mai irin lilin a ciki, rabi ana ba su curi mai kama da shi, amma ba irin. Ba matar da ta san wanne take ci, mai yi mata tambayoyi ma bai sani ba. Da mako 6 suka cika aka buɗe takardu. A cikin masu cin irin, wajen kashi ɗaya cikin uku sun ce zafin ya ragu musu da rabi. A cikin waɗanda ba su ci ko ƙwara ɗaya ta irin ba, su ma wajen kashi ɗaya cikin uku suka faɗi haka. An sanar da wannan a 2011, aka buga shi a 2012.

Matan farko ba ƙarya suka yi ba, sauƙin da suka ji na gaske ne. Sai dai damuwa irin wannan takan hau ta sauka da kanta, mutum kuwa yakan shiga gwaji ne sa'ad da abin ya fi matsa masa, saboda haka ko ba a ba shi kome ba, mako mai zuwa yana iya fin na yau sauƙi. Ga kuma sa rai, wanda shi ma yana da nasa aiki a jiki. Ƙungiya ta biyu ita ce ke nuna nawa ne daga cikin sauƙin na iri, nawa ne na lokaci da sa rai. Manomi ya san wannan ba tare da an koya masa ba. In ka zuba sabon taki a dukan gonarka a shekarar da damina ta yi kyau, ba ka da bakin cewa takin ne ya cika rumbu. Sai in ka bar waɗansu kunyoyi ba taki, ran girbi ka ga bambanci.

Laifin mai bidiyo a nan shi ne gwaji na biyu ba ɓoyayye ba ne. Likitar nan ce dai ta jagorance shi, ya fi na fari girma, ya fi shi inganci. Wanda ya iya nemo na 2007 ya iya nemo na 2012. Ko dai bai neme shi ba, ko kuwa ya gan shi ya kau da kai. Ko wanne ne, bai cancanci farar rigar da ya sa ba.

Zancen hawan jini, wanda shi ne ya shafi Inna, ya fi wannan wuya, domin a nan akwai gwaji mai kyau da ya goyi bayan irin. A birnin Winnipeg na Kanada, masu bincike tare da Farfesa Grant Pierce suka ɗauki mutum 110 masu toshewar jijiyoyin jini na ƙafa, yawancinsu kuma masu hawan jini. Aka raba su ta ƙuri'a yadda ya kamata. Rabi suna cin giram 30 na niƙaƙƙen iri kowace rana, an sa shi cikin burodi da biskit da makamantansu, rabi suna cin irin wannan abinci ba tare da shi ba. Bayan wata 6, awon jinin masu cin irin ya sauka da wajen maki 10 a lambar sama, 7 a lambar ƙasa. Waɗanda suka fara da lambar sama 140 ko fiye, nasu ya sauka da wajen 15. An buga wannan a 2013 a mujallar Hypertension ta ƙungiyar likitocin zuciya ta Amurka. Maki 10 ba wasa ba ne, akwai ƙwayoyin asibiti da ba sa wuce haka.

To, ashe mai bidiyo ya yi gaskiya ke nan? Sai mu duba abin da bai faɗa ba. Mutanen Winnipeg ba su bar maganinsu ba. Yawancinsu suna shan ƙwayar hawan jini tun kafin gwajin, suka kuwa ci gaba da sha. Irin ƙari ne aka yi a bisa magani. Gwajin bai taɓa zancen wanda ya ajiye ƙwaya ya riƙe iri ba ko kaɗan. Sa'an nan giram 30 wajen babban cokali huɗu ne, kowace rana, wata shida ba fashi. Ledar Inna giram 250 ce. In haka za ta ci, kwana takwas ta ƙare.

Abin da ya fi waɗannan nauyi kuwa, gwajin Winnipeg ba shi kaɗai ba ne. A 2015 waɗansu masana suka tattara gwaje-gwaje 14 suka haɗa lissafinsu wuri ɗaya, sai saukar ta zama ba ta kai maki 2 ba, sama da ƙasa. A 2016 waɗansu suka tattara 15, masu mutum wajen 1,300, suka sami kusan maki 3 a sama, 2 da ɗoriya a ƙasa. Daga 10 zuwa 2 ko 3 akwai tafiya. Dalilin bambancin kuwa ba asiri ba ne. Waɗansu gwaje-gwajen da man irin aka yi su, waɗansu da liginan zalla, waɗansu da iri sukutum. Waɗansu na 'yan makonni ne. A waɗansu kuma mutanen da aka gwada jininsu lafiya lau yake, ba abin da zai sauka. Yana yiwuwa irin ya fi aiki a jikin wanda jininsa ya hau da gaske. Yana yiwuwa kuma na Winnipeg sa'a suka taka, gama gwajin mutum 110 yakan faɗa sama ko ƙasa da gaskiya, kamar yadda tiya ɗaya da aka ɗebo daga bakin buhu ba ta faɗin abin da ke gindinsa. A ganina irin yana ɗan sauke jini, in an ci da yawa, an kuma daɗe ana ci. Amma wanda jininsa ya kai 170, ko an ba shi maki 10 ɗin nan duka, yana nan a 160, inda shanyewar ɓarin jiki take samun mutane.

Ba laifi kuma a lura cewa binciken irin lilin da dama daga Kanada yake fitowa, ƙasar da manomanta suke sayar wa duniya irin. Wannan bai mai da sakamakon ƙarya ba, gama mai kaya shi ne ke da dalilin kashe kuɗi a bincika su. Amma ya kyautu mai saye ya san wa ke magana.

Kitsen jini ba zan daɗe a kansa ba. Gwaje-gwaje 28 da aka haɗa a 2009 sun nuna iri sukutum yana rage shi kaɗan, man da aka tatsa daga irin kuwa bai rage shi ba. A 2014 hukumar lafiya ta Kanada ta yarda a rubuta a jikin kaya cewa niƙaƙƙen irin lilin yana taimakawa wajen rage kitsen jini, amma ta ɗaura zancen a kan giram 40 a rana, wato babban cokali biyar. Wanda ya sayi kwalbar ƙwayoyin man lilin mai tsada saboda kitsen jini, ya sayi sashen da gwaji ya ce ba ya aikin ne. Haka nan masu cewa omega-3 na lilin ɗaya yake da na kifi. Sai jiki ya juya ALA kafin ya zama irin na kifi, abin da yake iya juyawa kuwa kaɗan ne. A Holan an bi mutum 4,837 da suka taɓa yin bugun zuciya har wata 40, waɗansunsu ana ƙara musu ALA a cikin man da suke shafa wa burodi. Da aka buga sakamakon a 2010, ba a ga ya kare su daga sabon ciwon zuciya ta yadda za a dogara da shi ba.

Inda raina ya fi ɓaci shi ne zancen ciwon daji, gama a nan kuskure rai yake ci. Abin mamaki, a kan wannan ma saƙo biyu ne masu karo da juna suke yawo. Akwai mai cewa maza su guji irin lilin domin yana jawo dajin furostet, wato ƙullutun nan da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji. Akwai mai cewa shi ne ke kashe wannan dajin. Kowanne yana da takardarsa a hannu.

Takardar mai tsoratarwa ta 2004 ce, daga Holan, inda aka haɗa binciken da ya nuna mazan da suka fi samun ALA a abinci ko a jini sun fi kamuwa da dajin furostet. Amma waɗannan maza ba a ba su irin lilin ba. An dai lura da abin da suke ci ne, ALA ɗinsu kuwa daga nama da kayan madara da man girki yake zuwa. Mai cin nama da yawa ya bambanta da mai cin kaɗan ta hanyoyi goma, wa zai ce ALA ne mai laifi? A 2009 waɗansu suka sake duba lissafin, suka ga alamar cewa ƙananan binciken da ba su sami kome ba sun kwanta a cikin akwati ba a buga su ba, gama mujallu sun fi son labarin an gano. Da aka gyara lissafin saboda wannan, sai alaƙar ta ɓace.

Takardar mai yabo kuwa ta 2008 ce, daga Jami'ar Duke a Amurka. Maza 161 ne da aka riga aka sa ranar yi musu aikin cire furostet. Waɗansu aka ba su giram 30 na irin kowace rana wajen kwana 30 kafin aikin. Da aka cire naman aka duba shi a madubin likita, sai aka ga ƙwayoyin dajin masu cin irin ba sa hayayyafa da sauri kamar na sauran. A Toronto ma an buga makamancin wannan a 2005, a kan mata 32 masu dajin nono da ke jiran aiki. Wannan abu ne mai sa masani ya ce a ci gaba da bincike. Amma ya mai karatu, dubi inda aka ga sakamakon: a jikin naman da wuƙar likita ta riga ta cire. Waɗannan mutane hanyar asibiti suka bi. Gwajin bai nuna ƙullutu ya narke ba, bai nuna wani ya ƙara shekara ko ɗaya ba, ba ma abin da aka auna ke nan ba. Sauran hujjojin da ake kawowa yawancinsu na ɓeraye ne, ko na ƙwayoyin daji a cikin kwanon gwaji, inda ko ruwan gishiri mai kauri ma yana kashe su.

Tun a shekarun 1950 wata Bajamushiya masaniyar sinadarai, Johanna Budwig, ta ce man lilin haɗe da wani cuku mai laushi yana warkar da daji. Ta rasu a 2003. Shekara wajen saba'in ke nan ba gwajin kirki da ya tabbatar da maganarta, ƙungiyar binciken daji ta Ingila ma ta faɗi haka a fili, amma har yanzu ana tallan tsarin abincinta a intanet. Matar da ta taɓa ƙullutu a nononta, ta ji wannan, ta ce bari ta gwada wata shida kafin ta je asibiti, ta yi asarar abin da ya fi kome tsada a ciwon nan, wato lokacin da ƙullutun yake ƙarami bai bazu ba.

Yanzu sai saƙo na biyu. Shi ma bai ƙago zancensa daga iska ba. A cikin irin lilin akwai sinadaran da in an niƙa irin ya gamu da ruwa, sukan saki dafin da ake kira sayanayid. Mai karatu ya san dafin nan ko da bai san sunansa ba, shi ne na rogo mai ɗaci. Sinadarin rogon ma, linamarin, daga sunan shukar lilin a Latin aka raɗa masa suna, domin a jikinta aka fara gano shi. A 2016 hukumar abinci ta Suwidin ta shawarci mutanenta su bar cin niƙaƙƙen irin. A 2019 hukumar lafiyar abinci ta Tarayyar Turai ta yi lissafin yadda abinci iri iri suke iya kai mutum ga iyakar sayanayid da ta tsayar, jaridun Ingila kuwa suka ɗauki lissafin suka mai da shi labarin cokalin shayi uku. Daga can ya biyo waya har ya iso gindin bedinmu.

Abin da saƙon bai gane ba shi ne ma'anar iyaka irin wannan. Hukuma takan ja layinta can baya da inda ciwo yake farawa, ta kuma yi lissafi da irin da ya fi kowanne dafi, a ci shi ɗanye a zama ɗaya. Shingen da aka yi nesa da bakin rijiya, wanda ya taɓa shi bai faɗa rijiya ba. Cokalin shayi uku wajen giram 10 ne. Mutanen Winnipeg sun ci ninkinsa uku kowace rana wata da watanni, matan Mayo sun ci ninkinsa huɗu. Kukan da matan suka yi shi ne kumburin ciki da iska.

Jikin mutum yana iya kashe ɗan sayanayid kaɗan, ya fitar da shi ta fitsari, muddin yana samun abinci mai gina jiki. Haɗarin yana wurin da dafin ya yi yawa, jikin kuma ƙarami ne ko mayunwaci. A 1981, sa'ad da fari ya faɗa wa arewacin Mozambik, mutane suka koma cin rogo mai ɗaci ba su jira ya gyaru ba, fiye da mutum dubu ƙafafunsu suka shanye. Duk da haka ba wanda ya ce a zubar da rogon duniya. Ana jiƙa shi, a tsima shi, a shanya, a soya. Irin lilin ma in an dafa shi cikin ruwa ko an gasa shi cikin kwaɓin burodi, dafin da yawa yakan tashi. A 2022 Tarayyar Turai ta sa doka a kan yawan sayanayid da za a yarda da shi a irin lilin na sayarwa, a doka ɗaya da rogo da garinsa. Iyakar gaskiyar da ke cikin saƙon ita ce kada a ba ƙaramin yaro ɗanyen garin irin, babba kuma kada ya kwankwaɗi cokula da yawa ɗanye a lokaci ɗaya. Mai juna biyu ta tambayi ungozomar asibiti tukuna, saboda zancen liginan.

Haɗarin da ya fi kusa da mu kuwa ba saƙon da ya ambace shi. Wanda ya haɗiye irin da yawa a bushe bai bi shi da ruwa sosai ba, yana iya cushe masa hanji maimakon ya buɗe. Yauƙinsa yana iya rage shigar ƙwayar magani cikin jiki in an sha su tare, don haka a ba da rata. Man lilin da kafintoci da masu fenti suke shafa wa katako kuma ba na ci ba ne, sau da yawa an zuba masa sinadaran busarwa.

Akwai wani abu da ya riƙa sosa mini rai sa'ad da nake wannan karatu. Riɗin da muke nomawa, muna loda shi a mota ana kai shi ƙasashen waje, yana cikin abincin da suka fi liginan a duniya, ko da yake ba shi da ALA sosai. Zoɓon da muke sha, a 2010 Jami'ar Tufts ta buga gwajin mutum 65 da ya nuna kofi uku a rana har mako 6 ya sauke lambar sama da wajen maki 7, na ƙungiya ta biyu kuwa da ɗaya da ɗoriya. Ba ina cewa a bar ƙwaya a koma zoɓo ba. Gwajin nan ma ƙarami ne, tambayoyin da muka yi wa na Winnipeg duk suna kansa, zoɓon da aka cika wa sukari kuma wani zance ne. Amma ba wanda zai biya jaka uku a kan ledar zoɓo, shi ya sa ba a sa farar riga saboda shi. Rage gishiri da dunƙulen miya kuwa, wanda hujjarsa ta fi ta dukan waɗannan ƙarfi, kyauta ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin babban mutum ya kai giram 5 a rana, wajen cokalin shayi ɗaya ke nan, har da wanda ke cikin dunƙule.

Masana ma ba su fita ba a wurina. Duk abin da na kawo a nan da Ingilishi aka rubuta shi, cikin harshen da ko mai digiri sai ya yi gumi. Mai talla ya ɗauki wahalar sa muryar Hausa a kan bidiyonsa, masu gwajin 2012 kuwa ba wanda ya kai labarinsu kunnen Inna. Mu da muka yi makaranta muna tsakiya, sau da yawa kuma mu ne masu tura saƙon gaba ba mu karanta shi har ƙarshe ba. Ɗiyar Inna malamar makaranta ce. Don ƙauna ta aika.

Ran Laraba na je gidanta. Na tarar ba ta koma wa ƙwayar ba. Da na matsa, sai ta sunkuyar da kai ta ce, "Ɗana, kuɗin ƙwayar watan nan ne na sayi irin da su." Muka tafi ɗakin shan magani tare. Da aka auna ta, 178 bisa 104. Ma'aikaciyar ta yi mata faɗa, ta rubuta mata ƙwayar da ta saba sha, ta ce ta komo bayan mako biyu.

A hanyar komawa ta tambaye ni ko ta zubar da sauran irin. Na ce a'a, abinci ne, an kuwa riga an biya. Ta daka cokali guda ta zuba cikin kunu yana kan wuta, ta sha ruwa sosai, ta bar sa'a biyu tsakaninsa da ƙwaya. Da ta koma awo bayan mako biyu an sami 150 bisa 92. Ta ce, "To Malam, wannan na ƙwayar ne ko na irin?" Na ce, "Inna, mun zuba taki biyu a kunya ɗaya. Amma in kin tambaye ni, ƙwayar ce." Ledar ta ƙare wajen ƙarshen wata na biyu, ba ta kuwa sake saya ba.